Me ke sa mutum ya ce "wane nake yi" tun kafin a fidda gwani?

Abba_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san siyasa ciki da bai. A babban zaɓe abin a fili yake, jam'iyya daban, alama daban, kowa ya san inda zai dangwala. Zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa ne ke ɗaure min kai. Masu neman tikitin duk 'yan gida ɗaya ne, tuta ɗaya, alƙawuran ma kusan iri ɗaya: tsaro, wuta, aikin yi. To me ke sa ɗan jam'iyya ya ware mutum guda ya ce shi yake yi?

Ku dubi na APC a Yunin 2022 a dandalin Eagle Square. Tinubu ƙuri'a 1,271, Amaechi 316, Osinbajo da yake kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa 235, Ahmad Lawan shugaban majalisar dattawa na lokacin 152. Wannan ratar ba ta yi min kama da aikin mutanen da kowa ya zauna shi kaɗai ya auna ba. A nawa ganin, mutane ba wanda suka fi so suke bi ba, wanda suka hango zai ci suke bi. Wanda ya fi ni sani ya gyara min.

SaniMaiWaya:
Wa alaikumussalam. Malam Abba kada ka wahalar da kanka. Dala ce. Wanda ya fi zuba ta shi ke tafiya da tikiti.

Baba_Daliget:
Sani, ɗana, na ji ka, kuma ba zan ce maka ba a raba kuɗi ba. Ana rabawa. Na je babban taron fidda gwani a matsayin daliget na ƙaramar hukumarmu, na gani da idona. Amma ka lura da abu guda: kusan duk mai neman tikitin da gaske yana aiko da nasa kason. Wannan ya aiko, wancan ya aiko, daliget ya karɓe duka, ƙuri'arsa kuwa ɗaya ce tak. To wa zai ba? A nan maganarka ta tsaya, tambayar Abba ta fara.

Bari in faɗa muku yadda tafiyar take. Tun daga gida ba kai ka kai kanka ba. Sunanka ya shiga jerin daliget ne domin wani ya sa shi, ko shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisarku, ko kwamishinan da ya fito daga yankinku, su kuma duk bakin gwamna suke kallo. Mota ɗaya za ta kwashe ku, masauki ɗaya za a sauke ku, da masu gadin ƙofa. Ba kowane ɗan takara ke samun ganinku ba sai jagoran tawaga ya yarda. Daren zaɓe a tara ku, jagora ya miƙe ya ce ga inda mai girma gwamna ya fuskanta. Ba ya ma buƙatar yi wa kowa barazana. Duk wanda ke ɗakin ya san gobe taro zai watse, gida za a koma, kuma kujerar kansila da ta ciyaman da 'yar kwangilar gyaran aji biyu a firamare duk a hannun gwamna suke. Shugaban ƙasar da ka zaɓa ba zai taɓa sanin sunanka ba. Gwamna kuwa ya san ka, ya san gidanku.

Shi ya sa za ka ga masu neman tikiti na yawo jiha-jiha, kuma gidan gwamnati suke fara sauka kafin su ga daliget ko ɗaya.

SaniMaiWaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai gwamnan ma ba a banza yake fuskantar wani ba. Kuɗin ne ya hau sama kawai. Mohammed Hayatu-Deen da ya janye daga takarar PDP ana gab da zaɓe a Mayun 2022, dalilin da ya bayar ke nan, cewa an mayar da abin cinikin kuɗi. Har jami'an EFCC sai da suka je filin taron. Fom kaɗai naira miliyan 100 a APC, miliyan 40 a PDP. Mai gaskiya marar kuɗi ta ina zai shiga?

Baba_Daliget:
Gwamna ba dala yake nema ba, yana da ita. Tambayoyinsa daban ne. In wannan ya hau, zai bar min jam'iyya a jihata? Zai tuna da ni in na sauka? Zai sa a bi diddigina? Kuma hotonsa a fasta zai jawo min ƙuri'a ne ko zai kore ta? Ciniki ne, ban musa ba, amma ba irin wanda kake nufi ba.

Bakatsine_Na_Dikko:
Ni ina da misalin da ya karya maganar dala. Disambar 2014, zaɓen fidda gwani na APC a filin wasa na Teslim Balogun a Legas. Buhari ya faɗa wa daliget ƙarara cewa ba shi da dala ko naira da zai sayi goyon bayansu, ko da yana da su ma ba zai yi ba. Ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, Okorocha 624. Me ya jawo haka? Talakawa. A wancan lokaci daliget ɗin Arewa da zai dawo unguwa a ji bai zaɓi Janar ba, da wane ido zai kalli mutane a masallaci? Masu ɗari biyu da ɗari biyar ne ke tura gudummawa, ba a roƙe su ba. Wannan so ne, ba lissafi ba.

Dakta_Zazzau:
@Bakatsine_Na_Dikko son talakawa gaskiya ne, babu mai ja. Amma son nan yana nan a 2003 da 2007 a ANPP, yana nan a 2011 a CPC lokacin da ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12, duk bai kai shi Aso Rock ba. Kuma ka duba lambobin da ka kawo: Kwankwaso da Atiku in aka haɗa sun kusa 2,000, mafi yawansu daga Arewa. Ashe ba duk daliget ɗin Arewa ne suka ji tsoron komawa unguwa ba. Abin da ya ba Buhari wannan ratar shi ne daliget ɗin kudu maso yamma da Tinubu ya kawo bayan haɗakar 2013 da ta haifar da APC, da gwamnoni irin su Amaechi. Su ba ƙaunar Janar ce ta kama su ba. Sun duba cikin masu nema ne suka ga mutum ɗaya ne ke da miliyan 12 a aljihu kafin a fara kamfen.

Nan ne nake ganin Abba ya taɓo gaskiya, sai dai hawa biyu ne. A ƙasa akwai masu so tsakani da Allah. A sama akwai masu ƙirga yawan masu son. So na mutanen ƙasa shi ke zama hujjar "zai ci" a wurin na sama.

Barista_Hauwa:
Akwai abin da ba a taɓo ba, wato yawan masu zaɓen. Ku haɗa ƙuri'un 2014 da aka kawo a sama, kusan 6,000 ne. A 2022 kuwa sashe na 84(8) na dokar zaɓe ta wannan shekarar ya ce daliget da aka zaɓa musamman domin wannan aiki su kaɗai za su jefa ƙuri'a. Shugaban ƙasa, gwamnoni, 'yan majalisa, tsofaffin masu muƙamai, duk waɗanda a da muƙaminsu ke ba su ƙuri'a, suka koma 'yan kallo. Majalisa ta yi gyaran gaggawa a watan Mayu, Buhari bai sa hannu ba. Sai APC ta tafi da mutum uku-uku daga ƙananan hukumomi 774, PDP ta tafi da ɗai-ɗai. Shi ya sa Atiku ya ɗauki tikiti da ƙuri'a 371 kacal, Wike 237, Saraki 70, alhali a Fatakwal a 2018 da 1,532 ya ci.

Mutum ƙasa da 800 suka tsayar wa babbar jam'iyyar adawa ɗan takara, a ƙasar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 93. Idan masu zaɓe suka yi kaɗan, farashin kowannensu ya tashi, riƙe su kuma ya yi wa gwamna sauƙi. Dokar ta ƙara wa maganar Sani ƙarfi, ta ƙara wa ta Baba.

Uwar_Khalifa:
Duk maganar daliget kuke yi, kamar mu da ba ma zuwa Abuja ba mu da ɗan takara. Na daɗe ina shugabar mata a mazaɓarmu. Tun kafin a fara sayar da fom matan unguwa sun riga sun rabu, kowace da nata. In kun tambaye ni yadda mace ke kamuwa da son ɗan takara, ba ta takardar manufofi ba ce. Wadda aka ɗauki ɗanta aiki, wadda aka yi wa 'yarta auren gata, wadda aka kawo wa famfo ƙofar gida lokacin wane yana gwamna, wannan har ta koma ga Allah tana tare da shi, ko sanata ya fito nema ko shugaban ƙasa. Sauran kuma rediyo ne, shirye-shiryen siyasa na dare, sojojin baka, da waƙa. Waƙa ɗaya in ta shiga gidan biki ta fi fasta dubu aiki. Yau yara na rerawa, gobe maigida ya shigo da hular tafiyar.

Kuma kada ku raina mu. Daliget ɗin nan a cikinmu yake kwana, matarsa da uwarsa a cikinmu suke.

SaniMaiWaya:
Hajiya kin bar taliya da atamfa a baya.

Uwar_Khalifa:
Ban bar su ba, ɗana. Taliya tana aiki ne a kan wadda ba ta da kowa a zuciya. Wadda ta riga ta yi nata za ta karɓi taliyarka ta dafa wa yara, ta je ta dangwala wa wanda take so. Na sha ganin haka.

Nura_Minesota:
Bari in kawo muku yadda abin yake a nan Amurka, tunda nan talakan jam'iyya ne da kansa ke fita ya jefa ƙuri'a, jiha bayan jiha, tsawon watanni. Maganar Abba ta fi fitowa fili a nan.

A zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Democrat a 2020 Biden ya zo na huɗu a Ayowa, jihar da aka fara da ita, ya zo na biyar a ta biyu. Har an fara cewa tasa ta ƙare. Saura kwana uku a yi na Karolina ta Kudu, sai Jim Clyburn, dattijon ɗan majalisa baƙar fata da ake jin maganarsa a jihar, ya fito ya ce Biden yake yi. Ranar 29 ga Fabrairu Biden ya lashe jihar da kusan kashi 48 cikin 100, abokin takararsa Bernie Sanders na can baya. Cikin kwana biyu Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka mara masa baya. Klobuchar sanatarmu ce a nan Minesota. Ta janye ran Litinin, ran Talata 3 ga Maris Biden ya cinye Minesota, jihar da bai wani yi kamfen a cikinta ba. Abokan aikina da suka zaɓe shi amsarsu guda ce, shi ne zai iya kayar da Trump. Wasu sun ce min manufofin Sanders ko na Elizabeth Warren sun fi kwanta musu a rai, amma ba za su yi caca da ƙuri'arsu ba.

Haka aka yi a 2008. Baƙaƙen fata da yawa suna tare da Hillary Clinton da farko, ba don ba sa son Obama ba, sai don ba su yarda Turawa za su zaɓi baƙar fata ba. Da ya ci Ayowa ranar 3 ga Janairu, jihar da kusan duk mutanenta farare ne, sai suka ce ashe zai yiwu, suka kwararo wurinsa.

Bakatsine_Na_Dikko:
To ashe su ma suna da iyayen gida. Wannan Clyburn ɗin meye bambancinsa da gwamnan da Baba ya ba mu labari?

Nura_Minesota:
Bambancin babba ne, Yaya. Clyburn ba shi da abin da zai hana wanda ya ƙi jin maganarsa, bai ma san wa ka zaɓa ba. Mutane sun bi shi ne don sun yarda da shi shekara da shekaru. Kuma a nan masu zaɓe kan yi wa manya tawaye. A 2016 mutum 17 suka nemi tikitin Republican, manyan jam'iyya da masu kuɗi da yawa suna bayan Jeb Bush, talakawan jam'iyya suka ce Trump. Da irin tsarin daliget ɗinmu ake yi, da bai ga tikitin nan ba.

@SaniMaiWaya ga naka: attajiri Bloomberg ya kashe kusan dala biliyan 1 daga aljihunsa a 2020, bai ci jiha ko ɗaya ba sai ɗan yankin tsibirin Samoa na Amurka. Miliyoyin mutane ba sa sayuwa kamar mutum 800.

SaniMaiWaya:
Shi ke nan ai. A ba mu 'yar tinƙe, ƙato bayan ƙato, kowane mai katin jam'iyya ya fito ya bi layi.

Barista_Hauwa:
An gwada, Malam Sani. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ke takara, aka sanar ya samu ƙuri'a miliyan 14.8. A babban zaɓen 2019, da duk ƙasa ta fito, miliyan 15.2 ya samu. Ka auna da kanka. Matuƙar jam'iyya ba ta da sahihiyar rajistar 'ya'yanta, wanda ke riƙe da takardar sakamako shi ne mai zaɓe. Majalisa ta so ta wajabta 'yar tinƙe a 2021, Buhari ya ƙi sa hannu a Disambar shekarar, ya kawo hujjar tsada da tsaro, shi ne dokar 2022 ta fito da hanya uku: 'yar tinƙe, daliget, ko maslaha.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan tsaka-tsaki aka bi. A Disambar 2007 mutum 17 suka nemi tikitin jam'iyyar NPP a Legon da ke Accra, daliget dubu biyu da 'yan kai, aka yi ta ƙorafin kuɗi. Bayan sun faɗi zaɓen 2008 sai suka faɗaɗa, shugabannin jam'iyya na kowace rumfar zaɓe suka samu ƙuri'a. A Nuwamban 2023 wajen mutum dubu 200 ne ke da damar zaɓe. Bawumia ya samu kusan kashi 61, Kennedy Agyapong kusan 37. A Zango mutane da yawa sun ji daɗi, domin karon farko ke nan NPP ta tsayar da Musulmi ɗan Arewa, har waɗanda gidansu NDC ne tun kakanni sun yi ta maganar. Amma kashi 37 ɗin Kennedy saƙo ne, domin ministoci da 'yan majalisa kusan duk suna bayan Bawumia, ƙananan daliget da yawa suka ƙi bi. Disambar 2024 kuma Mahama ya yi nasara da rata mai yawa. Wanda daliget suka ga zai ci ba lallai ne ƙasa ta gan shi haka ba.

Dan_Maradi:
Mu a Nijar ba mu saba da wannan ba. Kafin juyin mulkin 2023, shugabannin jam'iyya ke tsayarwa, babban taro ya amince. Haka PNDS Tarayya ta tsayar da Bazoum a Maris 2019, kowa ya san zaɓin Issoufou ne. Wanda bai yarda ba sai ya fita ya kafa tasa, kamar yadda Djermakoye ya bar MNSD Nassara bayan Tandja ya karɓi jagoranci, ya kafa ANDP Zaman Lahiya. Magoya baya kuma mutum suke bi, da yankinsa.

Dattijo_Gwammaja:
Yara, bari tsoho ya sa baki. Akwai abu na uku bayan "ina son sa" da "zai ci", shi ne "wa kowa zai iya zama da shi". A taron NPN na Disambar 1978 a Legas, ga Maitama Sule, ga Adamu Ciroma, ga Olusola Saraki, ga Tarka, ga Iya Abubakar. In baki ne, babu kamar Ɗan Masani, wato Maitama Sule, in ya yi magana sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Amma Shagari ya zo na ɗaya, mutumin da shi kansa kujerar sanata yake so. Dalili a nawa fahimtar, ba shi da abokin faɗa. Kowane ɓangare ya ga in ba nawa ba, to gara shi. Maitama ya zo na biyu, ba a ma je zagaye na biyu ba suka janye masa.

Sannan ku tambayi na gaba da ku labarin Shehu Musa 'Yar'aduwa a 1992. Bakatsine ya je Legas ya kayar da Lateef Jakande a zaɓen fidda gwani na SDP. Ba da baki ya yi ba, ba shi da yawan magana. Mutane ya dasa a kowace mazaɓa, ya san su, ya san matsalarsu, shekara da shekaru kafin ranar. Babangida ya soke zaɓen ya haramta wa mutum 23 takara, amma mutanen 'Yar'aduwa suna nan. Su ne a Jos a Maris 1993, da Atiku ya janye, suka juya wa Abiola ya kayar da Kingibe, duk da gwamnonin SDP Kingibe suke yi. Baba_Daliget, ka ga nan gwamnoni ba su yi nasara ba.

Baba_Daliget:
Haka ne Yaya, Allah ya ja kwana. Amma gwamnan 1993 bai kai shekara biyu a kujera ba, soja na bisa kansa. Na yanzu shekara takwas yake yi, jam'iyyar jiha a tafin hannunsa take. Kuma ko a lokacin, sai da Abiola ya ɗauki Kingibe mataimaki don ya lallashe su.

Bappa_Jimeta:
Kuna ta kewaye-kewaye, babu wanda ya ambaci yanki. A filin taron PDP na 28 ga Mayu 2022, Tambuwal ya hau mumbari ya ce ya janye, magoya bayansa su zaɓi Atiku. Ratar Atiku da Wike 134 ce. Wa zai ce ba wannan janyewar ta yi aiki ba? Kuma kowa ya san abin da ya haɗa su, kada ƙuri'ar Arewa ta rabu. Abin da Wike bai yafe ba ke nan har aka samu gwamnoni biyar suka juya wa jam'iyya baya.

Dakta_Zazzau:
Bappa, yanki na aiki, amma ba kullum ta hanyar da ake zato ba. A 2010 kwamitin Adamu Ciroma ya tsayar da Atiku a matsayin ɗan takarar maslaha na Arewa, a kan Babangida da Aliyu Gusau da Bukola Saraki. Janairun 2011 Jonathan ya samu 2,736, Atiku 805. Daliget ɗin jihohin Arewa da yawa Jonathan suka zaɓa, domin gwamnoninsu can suka fuskanta. A 2022 kuma gwamnonin APC na Arewa ne suka fito ranar 4 ga Yuni suka ce mulki ya koma Kudu. Kwana biyu bayan haka shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha, suka ce ba su san zancen ba. Daliget ɗin Arewa, ga ɗan Yobe a gabansu, suka zuba wa Bayarabe. Badaru na Jigawa ma yana cikin mutum bakwai da suka janye wa Tinubu a filin.

JarHula_Fagge:
Ni duk wannan lissafin manya bai shafe ni ba. Yayana yana cikin waɗanda aka tura karatu waje lokacin Kwankwaso na gwamna, mahaifinmu ɗan facin taya ne. Yau shi ke riƙe da gidanmu. Da jagora ya bar PDP ya koma NNPP a Maris 2022, ban tambayi ko zai ci ba. Na san da wuya. Mutum 997,279 muka ba shi a Kano. Malam Abba, ka ce mana wannan ma "zai ci" ne?

Abba_Kurna:
A'a, naku daban ne, kuma shi ne irin wanda Hajiya Uwar_Khalifa ta faɗa. Amma ka lura, shi jagoran naku da Peter Obi duk barin PDP suka yi kafin a fidda gwani. Obi saura kwana uku ya fita, ya je Labour ya ɗauki tikiti a Asaba, ya zo ya samu ƙuri'a miliyan 6.1. Masu son su suna waje, masu jefa ƙuri'a a ciki kuwa wasu ne daban. Wannan ne ke damuna.

Ustaz_Tudun_Wada:
'Yan'uwa, ina so in tunatar. Daliget wakili ne, amanar mutanen ƙaramar hukumarsa ya ɗauka. Abin da ake ba shi don ya karkata rashawa ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Karɓa daga mutum huɗu ka zaɓi ɗaya bai wanke ka ba, ya ƙara maka yaudarar mutum uku ne.

Baba_Daliget:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, ba ni da ja. Sai dai a san wane ne daliget ɗin. Mafi yawa mutanen da suka yi wa jam'iyya wahala ne shekara huɗu, su ne ɗaukar kujeru, su ne gadin akwati, babu wanda ya waiwaye su. Suna ganin ranar nan ce kaɗai babban mutum zai durƙusa musu. Ban ce daidai ba ne. A 2022 mun ji ɗan takarar majalisa a Kaduna da ya faɗi ya bi daliget a dawo masa da kuɗinsa, mun kuma ji daliget ɗin kudancin Kaduna da ya dawo ya rabar da nasa ga marayu da mabukata.

Ustaz_Tudun_Wada:
Sadaka da dukiyar haram ba ta halatta ta, Baba. Amma na fahimci halin da kake nufi.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Maganar hukuncin kuɗin a buɗe mata nata zauren.

Abba_Kurna:
Na gode Admin. Abin da ya rage min shi ne wannan: in mutane na bin wanda suka ga zai ci, wa ke fara cewa wane zai ci? A Amurka Nura ya nuna mana jihohin farko ne ke nunawa. Mu da ake yin komai dare ɗaya fa?

Dakta_Zazzau:
Janyewa ce ke nunawa. Daliget na zaune a filin, Akpabio ya hau ya janye, Amosun ya janye, Fayemi ya janye, duk wa mutum ɗaya. Kafin a fara jefa ƙuri'a mai shakka ya gama gane inda aka dosa. Aikin da Ayowa da Karolina ta Kudu ke yi a wata guda, mu a awa biyu ake yin sa a kan mumbari. Kuma da Buhari ya buɗe baki ya kira suna tun da wuri, da wataƙila wani labarin muke yi. Shirunsa ne ya bar wa gwamnoni filin.

Uwar_Khalifa:
Dakta, wanda ya janye a mumbari ai tun a ɗaki ya gama ƙirga mutanensa ya ga ba su kai ba. Mutanen kuwa mu ne muke tara su tun daga akwati.

SaniMaiWaya:
Baba_Daliget, tambaya ɗaya, in ba za ka ji haushi ba. Kai da ka je, wanda kake so ka rubuta ko wanda aka nuna muku?

Baba_Daliget:
Wanda aka nuna na rubuta. Akwai wanda ya fi kwanta min, na saurari jawabinsa a masaukinmu har na yi masa tafi, amma kafin a kira jiharmu na san bai da mutum hamsin a filin. A tawagarmu akwai biyu da na san sun saɓa. Ba su faɗa wa kowa ba, amma jiha-jiha ake kira, wanda bai iya rubutu ba rubuta masa ake yi, masu ƙirga kuma sun san adadin da suka yi alƙawari. Kafin mu iso gida an san su. Ɗaya ya je ya ba da haƙuri yana nan a jam'iyya har yau, ɗayan ya koma wata.